Safiya Uku da Suka Ɓace a Littafin Baba Abari

Har gobe ba zan manta da wata Alhamis ta farkon watan Oktoba ba, ranar da kwamfuta ta ƙi yi mini zane ni kuma na tilasta mata. Ku da kuka shigo aikin nan bana kun ji ina yi wa Nana faɗa shekaranjiya don ta datse jerin lambobi, har na ga kuna haɗa ido, wai Madam Rabi ta cika zafi. Zafi kam ina da shi, ba na musu. Amma ku zauna ku ji inda na samo wannan.

A lokacin ina shekarata ta huɗu a nan Tanut, a wani shiri na taimakon manoma. Aikina tattara bayanan ruwan sama. Muna da ma'auni goma sha huɗu a ƙauyuka, daga kwamin, wato ƙaramar hukuma, ta Gangara har Tarka ta wajen Belbeji. Ma'aunin ba wani abin mamaki ba ne, kofin roba ne dogo mai zanen milimita a jiki, a kan sandar ƙarfe da aka kafa a fili. Kowanne da mutum guda mai kula da shi. Kullum da safe ya duba, ya rubuta abin da ya gani, ya zubar da ruwan. In ba a yi ruwa ba ya rubuta sifili. Malamin gona na kwamin shi ke bi ya kwafe lambobin ya turo mini. Ni kuma sai in rubuta wa kwamfuta umarni, abin da muke kira kod, ta jera kwanaki a kwance, milimita a tsaye, ta fitar da zanen damina.

Ƙa'idar abin ɗaya ce. Jeri biyu ake ba ta, na kwanaki da na ruwa, kuma dole tsawonsu ya zo daidai, kowace rana da lambarta. Daga ɗaya ga Yuni zuwa ƙarshen Satumba kwana ɗari da ashirin da biyu ne. In jerin ruwa ya gaza ko da ɗaya ne, ba za ta zana ba.

Cikin masu kula da ma'aunan nan akwai Baba Abari, wani dattijo a wani ƙauye can bayan Gangara. Malamin allo ne, manomin hatsi, kuma shekararsa goma sha tara yana riƙe da ma'aunin, tun kafin shirinmu ya gaje shi. Ban taɓa ganinsa ba a lokacin, ta lambobinsa kawai na san shi. Ba ya rubutun boko. Da lambobin Larabci yake rubutu a littafin ƴan lakol, irin na makarantar boko, layi ɗaya safiya ɗaya, kuma ba ya sa kwanan wata. Ba wanda ya taɓa damuwa da haka, don bai taɓa tsallake safiya ba. Layi na farko ɗaya ga Yuni ne, na biyu biyu ga wata, haka har ƙarshe. Ni ma da na zo haka na tarar, haka na ci gaba. Kwanakin ni ke sa kwamfuta ta ƙirƙiro su, in haɗa da jerinsa, su zauna cif.

Wannan shekarar sai saƙo ya zo daga babban ofishinmu na Damagaram cewa za a rage ma'aunai daga goma sha huɗu zuwa goma. Aka ce mu duba waɗanda bayanansu ba su da inganci, a cire su. Shef ɗinmu, shugaban ofis, ya sa taro Jumma'a da safe, ya ce in kawo zanen kowane ƙauye. Malamin gona na Gangara kuwa sabo ne, Mutari, wata biyu ke nan da aka kawo shi, kuma bai turo mini na yankinsa ba sai ranar Alhamis bayan azahar.

Goma sha uku suka fita lafiya lau. Na zo kan na Baba Abari, sai jan rubutu ya cika allon. Kwamfuta ta ce jerin kwanaki ɗari da ashirin da biyu ne, jerin ruwa ɗari da goma sha tara, ba ta zanawa.

Kada ku ce ban bincika ba. Na bincika. Na fara ƙirga tsawon kowane jeri, na ga dai uku ne babu a na ruwan. Na duba ko kod ɗin ya ɗauki layukan farko a matsayin kanun shafi ya watsar, ba haka ba ne. Na duba ko Mutari ya sa waƙafi a inda ya kamata ya sa ɗigo, don mu ƴan lakol ɗin faransanci wannan ya sha ba mu wahala, lamba ta koma rubutu a zubar da ita. Duk lambobin lafiyarsu ƙalau. Na nemi gurbin da aka bari fayau, babu. Har na ƙirga kwanakin Yuli da Agusta a yatsuna kamar ƴar aji ɗaya. Kwanakina daidai suke.

Abu ɗaya ya rage, in kira Mutari in ce ya koma ya duba littafin. Na kira sau biyu, layi bai shiga ba. Na uku ban kira ba. La'asar ta yi, yarana na jirana a gida, kuma na riga na yanke hukunci a raina. Na ce tsoho ne, ya ga damina ta ƙare, hatsi ya nuna, sai ya ajiye alƙalami kwana uku kafin ƙarshen Satumba. Wa zai ga laifinsa? Sai na rubuta layi guda, na datse kwana uku daga ƙarshen jerin kwanakin. Jan rubutu ya ɓace, zane ya fito. Har hamdala na yi.

Washegari a wurin taro na ɗora zanen kowane ƙauye a kan na maƙwabtansa, don a ga ko suna tafiya tare. Na Baba Abari ya bi na maƙwabta sau da ƙafa tun Yuni har tsakiyar Agusta. Daga nan sai ya rikice. Rana guda ta nuna milimita saba'in da takwas, alhali ƙauyuka biyu na kusa da shi sun sami ruwan a rarrabe cikin kwana huɗu. Bayan wannan kuma duk ruwan da ya rubuta yana riga na maƙwabta da kwana uku, har ƙarshen damina.

Shef ya gyara tabarau ya daɗe yana kallo. Sai ya ce, "Madam Rabi, wannan tsohon naki ai waliyyi ne. Shina ganin ruwa kwana uku kafin ya sauka."

Ɗakin ya kwashe da dariya. Ni ma na yi, wallahi na yi, har da riƙe ciki.

Ya ce, "A zaune yake a zaure shina rubuta abin da ya ga dama. Ke mi kika gani?"

Na ce, "Haka bayanan suka nuna, Shef."

Ban ce masa jerin ya zo da giɓi ba. Ban ce na datse komai ba. Ba ɓoyewa na yi niyyar yi ba, abin ne ban ɗauke shi a bakin komai ba. Da hannuna na rubuta a rahoto cewa bayanan wannan ƙauye ba abin dogaro ba ne daga tsakiyar Agusta, kuma da alama ba daga ma'auni aka ɗauko su ba. Sunansa ya shiga cikin huɗun da za a cire.

A watan Nuwamba aka tura mota ta kwaso ma'aunan huɗu tare da littattafansu. Aka zuba littattafan a kwali a bayan teburina, suka zauna nan har Janairu. Ran nan ina gyaran biro, wato ofishinmu, na ɗauko kwalin, sai na buɗe na Baba Abari don kawai in ga irin rubutun waliyyinmu. Rubutu ne mai tsabta, lambobin a jere kamar an sa zare. A layi na saba'in da biyar na ga saba'in da takwas ɗin nan, a gefenta kuma akwai ɗan ƙaramin rubutun ajami da bai wuce layi biyu ba. Mutari bai iya ajami ba, lambobi kawai ya kwafa. Ni ma allona bai yi nisa ba. Na fita da littafin wurin Malam Idi mai gadi, yana zaune a gindin bishiyar bedi.

Ya karɓa ya nisanta shi da idonsa, ya karanta a ransa, sai ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Na ce, "Malam, lafiya?"

Ya ce, "Cewa ya yi: Iyalina ta rasu. Safiya uku ban duba ba. Wannan na kwana huɗu ne a haɗe."

Ban san yadda na koma kujerata ba. Na buɗe kod ɗin, na goge layin da na yi datsewar da shi, na je daidai wurin na saka gurbi uku fayau kafin saba'in da takwas. Jeri ya cika ɗari da ashirin da biyu. Zane ya fito, kowane ruwa ya koma ranarsa, ya hau kan na maƙwabta har ƙarshen Satumba. Na haɗa ruwan kwana huɗun na ƙauyen da ya fi kusa da shi, bambancinsu da nasa bai taka kara ya karya ba. A duk goma sha huɗun nan babu littafin da ya kai nasa gaskiya. Na kifa kaina a kan tebur na yi kuka.

Na shiga wurin Shef da littafin da zanen biyu, na faɗa masa komai, har layin da na rubuta. Na zaci zai yi faɗa, kuma da ya yi da na fi jin sauƙi. Sai kawai ya cire tabarau ya ajiye.

Ya ce, "Ni ma bakina ya yi mini yawa ran nan."

Na ce, "Shef, a mayar masa da ma'auninsa."

Ya ce, "Jerin sunayen ya tafi Damagaram, an sa hannu, ma'aunan ma an kai su wani yanki. Zan rubuta, amma kada ki sa rai."

Ya rubuta ɗin, ba a amsa ba. Abin da na samu kawai takarda ce mai hatimin biro, wadda ta ce bayanan Malam Abari daidai ne, kuskuren daga ofishinmu yake. Ni na tsara ta, na kuma sa sunana a matsayin wadda ta yi kuskuren.

Ranar wata Asabar Mutari ya raka ni. A hanya ne ya gaya mini abin da ban sani ba. Ranar da aka je kwasar ma'aunin, mutane sun taru suna kallo ana tone sandar. Baba Abari ya tambayi dalili, sai direban, wanda ya ji labarin taronmu a biro, ya ce masa, "Baba, an ce kai tun ruwa bai sauka ba kake ganinsa, to mi za ka yi da ma'auni?" Samari suka yi dariya. Kafin mako ya zagayo an laƙaba masa Mai Duba. Mutumin da shekara goma sha tara ake zuwa ƙofarsa bayan ruwan farko a tambaye shi ko ya isa shuka, shi ne yara ke bi suna cewa ya duba musu na baɗi.

Mun same shi a zaure yana tufkar igiya. Siriri ne, dogo, ga farin gemu. Muka gaisa, na yi masa gaisuwar rashi, wata biyar bayan rasuwar. Ya amsa, ya sa aka kawo mana ruwa. Na yi ta juya maganar a bakina, daga baya na ce, "Baba, ni ce mai kwamfutar. Ni na sa aka ɗauke maka ma'auni."

Ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "Ashe ke ce. Na zaci babban mutum ne."

Na yi masa bayani iyakar iyawata, jeri biyu, giɓin uku, da yadda na datse ƙarshe. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "To injin naku ya gaya miki akwai uku da babu?"

Na ce, "Ya gaya mini."

"Shi ya yi nasa ke nan."

Na sunkuyar da kai. Ban san abin da ya kai bakina ba, sai na ji na ce, "Baba, da ka sa sifili a kwana ukun nan, da ba a yi haka ba."

Ya ajiye igiyar. Ya ce, "Ɗiyata, sifili na wanda ya je ya duba ne bai ga ruwa ba. Ni ban je ba. Da asuba ta cika, da hantsi muka kai ta. Kwana biyu na biye ina zaune a tabarma mutane na shigowa gaisuwa. Ina jin ruwa shina zuba a kan rufin nan, na san kofin na cika, amma ƙafata ba ta ɗauke ni ba. Sai da aka yi addu'ar uku na fita. In rubuta sifili in ce mi? In ce Allah bai ba mu ruwa ba ranar da aka rufe Falmata? Ai da ruwa muka rufe ta."

Sannan ya ce, "Ita ce ma mai tashina. In an kwana ana ruwa sai ta ce, Malam, je ka gano mana abin da muka samu."

Mutari ya juya fuskarsa wajen ƙofa. Ni kam hawaye kawai nake yi, na kasa ko ba shi haƙuri yadda ya kamata. Na miƙa masa takardar, na fassara masa abin da ke ciki. Ya shafa hatimin da yatsa.

Ya ce, "Na yafe miki, duniya da lahira. Amma ba ni ke buƙatar jin wannan ba, ni na san abin da na rubuta. In za ki iya, ki karanta ta a ƙofar masallaci bayan azahar, a gaban maigari."

Na ce zan iya. Aka yi salla, na tsaya daga gefe da mayafina, maigari ya ba ni izini. Na karanta da faransanci, na maimaita da Hausa, na ce ni Rabi ni na yi kuskure, littafin Malam Abari ba ƙarya ko ɗaya a cikinsa. Da na ɗaga kai na ƙirga waɗanda ke wurin, tsofaffi bakwai ne. Rani ne, duk wani mai ƙarfi a garin ya tafi cirani, wasu Agadas, wasu Kano, wasu sun haura arewa. Tsofaffin suka ce, "Mu dama mun sani." Waɗanda suka yi dariyar ba ko ɗaya a cikinsu.

Baba Abari ya naɗe takardar ya sa a aljihun gaba. Ya ce, "Ba komai. In sun dawo da ruwan farko sai a sake karantawa." Ya rako mu har bakin mota. A hanya muka wuce ramin da aka tone sandar, bai ko kalli wurin ba.

Tun daga wannan shekarar na canza yadda muke aiki, kuma shi ne kuka tarar. Kowace lamba da kwanan watanta take zuwa, ko da mai rubutun bai taɓa kuskure ba. Malamin gona hoton shafin yake turowa gaba ɗaya, har gefe, kuma in akwai ajami a nemi mai karantawa. Ranar da ba a duba ba gurbi ake bari, ba sifili ba, zane ya nuna tsinkewa a wurin kowa ya gani. Jeri biyu kuma in suka ƙi daidaita, ba wanda zai datse ko ya cike mini komai sai ya gano a wane layi giɓin yake, ya kuma ji daga bakin wanda ya rubuta. In layin waya bai shiga ba, a je taro a ce wannan ƙauyen bai kammala ba. Ba a taɓa korar kowa don ya ce bai gama ba.

Jan rubutun nan da kuke jin haushinsa, a ranar nan shi kaɗai ya tsaya wa Baba Abari a cikin biro ɗin nan. Mu da ke zaune gaban kwamfuta muna ganin lambobi ne kawai, sai mu manta kowace ɗaya wani ne ya tashi da safe ya taka ya je ya duba. In ta ɓace, akwai abin da ya hana shi zuwa, kuma ba a kan teburinmu za mu gano shi ba.

Baba Abari yana nan da ransa, sai dai ido ya yi rauni. Ma'auni bai koma ƙauyen ba. Mutari ya ce da damina ta faɗi liman ya sake karanta takardar ranar Jumma'a, mutane suka saurara, wasu har suka je suka ba shi haƙuri. Amma sunan bai bar shi ba. Yaran da aka haifa bayan abin ma Mai Duba suke ce masa, ba su san daga ina ya samo asali ba. Ni na sani. Daga wannan kujerar ya fito, kuma ban yi minti ɗaya ina rubuta layin da ya jawo shi ba.